Mura ta wuce, ƙirji ya ɗau ciwo: hattara da ƙwayar tebur

Makiyayi da ɗan kasuwa, ku ba mu kunne. Wani sa'in ƙwayar cutar da ta sa maka mura ko zawo takan kai ga naman zuciya, ta kumbura shi. Bayan sati 1 ko 2 sai ka ji ƙirji na suka, numfashi na yankewa, zuciya na bugawa ba bisa ƙa'ida ba, ƙafafu na kumbura.

To, nan ne mutum kan miƙa hannu ga diclofenac ko ibuprofen, tunda an ce maganin kumburi ne. Kul! Waɗannan suna riƙe gishiri da ruwa a jiki, su wahalar da ƙoda, su ƙara wa zuciya mai rauni nauyi. Dexamethasone kuwa, sai likita ya auna ya ga ya dace.

Daga Tamanrasset zuwa In Guezzam wajen kilomita 400 ne na hamada. Kada ka kama hanya da irin wannan ciwo. Je asibiti tukuna a auna bugun zuciya da jini. In an tabbatar, sai hutu: ba jan guga, ba lodin buhu, wata 3 zuwa 6. Lafiya uwar jiki.