Takardunmu Suna Girgije, Amma Makullin Yana Hannun Wa?

Ga rubutaccen shirinmu na wannan makon, domin waɗanda data ba ta bari sun saurara ba.

Bari in fara da abin da ya same mu. Ƙungiyarmu ta matasa a nan Aujara, cikin ƙaramar hukumar Jahun, ta yi shekaru tana ajiye komai a littafi: sunayen mambobi, kuɗin wata-wata, da jerin marayun da muke saya wa kayan makaranta. Wata damina ɗaki ya yi yoyo, rabin littafin ya jiƙe. Ni kuwa ban daɗe da gama jami'a ba, ga zafin kai, na ce mu koma girgije, wato kilawud. Ma'anarsa, maimakon ka ajiye bayananka a kwamfutarka, sai ka ajiye su a ta wani kamfani, kana shiga ta intanet. Babu wani girgije a zahiri fa. Manyan gine-gine ne cike da na'urori, wasu a Amurka, wasu a Turai, mu kuma 'yan haya ne.

Muka koma, abu ya yi daɗi. Sai dai da imel ɗin sakatarenmu aka buɗe ma'ajiyar, kuma layinsa ake turo wa lambar tabbatarwa. Aka sace masa waya a tasha, ashe layin ma ba da sunansa aka yi rajista ba. Shi ke nan. Bayananmu suna nan lafiya lau, ƙofa ce ta rufe mana. Kamfanin bai yi laifin komai ba, mu ne muka rataya dukiyar ƙungiya a layin mutum ɗaya. Wata uku muka yi muna bin gida-gida muna sake rubuta sunaye, kuma har yau akwai kuɗin da ake gardama a kai.

To, namu ƙarami ne. Ku tuna 14 ga Maris 2024, ranar da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka katse a yankin gaɓar Kwaddibuwa. Intanet ta yi rauni a ƙasashe da dama na Afirka ta Yamma, manhajojin wasu bankunan Najeriya suka ƙi aiki. Ba ma sai an je teku ba. A Satumbar 2021 an rufe layukan waya a Zamfara da wasu ƙananan hukumomin Katsina saboda matsalar tsaro, aka shafe makonni. Ka ɗauka asibiti ne da duk katin marasa lafiyarsa ke girgije. Wane magani aka ba wannan matar a watan jiya? Sai a tambayi wa?

Sai maganar kuɗi. Yawancin manyan kamfanonin nan da dala suke lissafi. A farkon Yunin 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin hukuma, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Makarantar da ta yi kasafinta a tsohon farashi, hayarta ta ninka sau uku ba ta ƙara ko shafi ɗaya ba. In ta kasa biya, a kulle. In ta ce za ta kwashe kayanta ta koma wani wuri, shi ma ba kamar tashi daga shago ba ne, wani lokacin sai an sake gina manhajar gaba ɗaya.

Shi kansa mai gidan yana kuskure. A Mayun 2024, wani kuskuren saiti a Google Cloud ya goge ma'ajiyar UniSuper, asusun fansho na ƙasar Ostireliya mai mambobi sama da rabin miliyan. Sun fi mako guda ba sa iya duba asusunsu. Abin da ya taimaka wajen ceto su shi ne suna da wani kwafi a hannun wani kamfani daban.

Akwai kuma doka, wadda yawancinmu ba mu ma san da ita ba. Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ɗora alhaki a kan wanda ya karɓi bayanan mutane. In jerin marayu da lambobin iyayensu mata ya fita saboda wani ya bar linki a buɗe a guruf ɗin WhatsApp, ba za ku ce ai girgije ne ba.

Kada wani ya ce na ce a koma littafi. Tun 2019 hukumar NITDA ta fitar da tsarin da ke ƙarfafa wa ma'aikatun gwamnati gwiwar amfani da girgije, kuma ni ma ina ganin can aka dosa. Mu ma mun koma, amma yanzu imel ɗin na ƙungiya ne, mutum uku ke iya shiga, kuma duk ƙarshen wata ma'aji yana sauke kwafi a filasha, ya buga jerin sunayen a takarda, a saka a leda cikin akwatin ƙarfe. Wanda ya bar muƙami, a ranar ake cire shi.

In kana cikin wata ƙungiya, ko kana aiki a makaranta ko kemis, gobe ka tambayi shugabanku: layin wa ake turo wa lambar? Ku rubuto mana amsar da ya ba ku, za mu karanta wasu a shiri na gaba in Allah ya kai mu.