Awon troponin: gano bugun zuciya da ɗigon jini

Bugun zuciya yana faruwa ne idan gudan jini ya toshe jijiyar da ke shayar da tsokar zuciya. Naman da jini bai kai masa ba sai ya fara mutuwa, yana zubar da wani furotin mai suna troponin cikin jini. Masanin Japan Setsuro Ebashi ne ya gano furotin ɗin a shekarun 1960, daga baya Hugo Katus na Jamus ya ƙirƙiro hanyar auna shi. Tun daga shekarar 2000 manyan ƙungiyoyin likitocin zuciya na Turai da Amurka suka fifita shi a kan sauran alamomin da ake nema a jini.

Kayan awon gaggawa iri biyu ne. Na farko ɗan faranti ne irin na awon zazzaɓin cizon sauro da aka saba gani a cibiyoyin kiwon lafiya na CSI: a ɗiga jini, idan akwai troponin sai ƙwayoyin garkuwar da aka shafa a jikinsa su cafke shi, layi ya fito cikin minti 15 zuwa 20. Na biyu na'ura ce ta hannu, irin i-STAT, wadda ke mayar da wannan cafkewa siginar lantarki, ta bayar da adadi cikin kamar minti 10.

A garuruwa irin su Madawa da Buza da Keita, amfanin wannan awo yana wajen yanke shawara. Mai ciwon ƙirji yakan tashi daga ƙauye zuwa CSI, daga nan asibitin gunduma, sannan Tawa ko Yamai, ga kuɗin mota, ga nisa. Da yawa ma sukan zaci gyambon ciki ne, su yi ta shan magani a gida. Sakamako a hannu yana taimaka wa ma'aikacin lafiya ya san wanda za a tura gaba nan take.

Sai dai awon yana da iyaka. Troponin yakan ɗauki awa 2 zuwa 4 kafin ya fara hawa, don haka wanda aka auna da wuri aka ga babu komai, dole a sake auna shi. Ciwon ƙoda ma yana ɗaga shi, shi ya sa ake haɗa shi da awon lantarkin zuciya na ECG. Ga kuma zafi: yawancin farantan ba a ajiye su sama da digiri 30, wasu sai firji, alhali zafin bazara a yankin Adar yakan wuce 40. Farantin da zafi ya lalata zai iya bayar da sakamakon ƙarya.