Shirin Musamman: Yarinyar da Ta Rasa Layinta

(Kiɗan buɗe shiri, sannan a sassauta)

Yau shirin namu zai leƙa makarantar firamare, wurin 'yan aji uku da aji huɗu, waɗanda wasunsu ko famfarar haƙori ba su gama ba. Za mu duba yadda waɗannan ƙanana ke fara gane cewa akwai mutanen da harshensu da abincinsu da suturarsu suka bambanta da na gidansu, kuma da su za a zauna a unguwa ɗaya, a ɗebi ruwa a famfo ɗaya.

(Hayaniyar yara a filin makaranta)

Wata Alhamis, ana dab da hutun ƙarshen zango, na halarci Ranar Al'adu a wata makarantar firamare a Kano. An share fili, an kafa rumfa, an jera wa iyaye kujerun roba. Ga wani ɗan yaro cikin babbar rigar da ta fi ƙarfinsa, rawani na zamo masa kan ido, yana turawa sama da hannu ɗaya. Ga 'yan mata da ƙwarya a ka, an yi musu kitson Fulani. Can gefe wasu sun sha ashoke da gwaggwaro, wasu jar hula da murjani a wuya. Abin gwanin sha'awa, iyaye sai ɗaukar hoto suke yi da waya.

Sai aka ɗauki lasifika aka ce yara su yi layi uku: Hausawa nan, Yarbawa nan, Ibo nan. Nan da nan fili ya rabu. Yarinya ɗaya ce ta rage a tsakiya, 'yar kimanin shekara takwas, ta ɗaura zane mai ratsin fari da baƙi, irin saƙar mutanen Tibi na jihar Binuwai. Ta dubi wannan layi, ta dubi wancan. Wata malama ta zo ta kama hannunta ta saka ta a layin da ya fi kusa, aka ci gaba da biki. Babu wanda ya yi da mugun nufi, na tabbata. Amma ina zaune kusa da mahaifiyarta, kuma na ga lokacin da ta sauke wayarta ta mayar cikin jaka.

Jama'a, ƙasar nan tana da ƙabilu fiye da 250 da harsuna fiye da 500. A jihohi irin su Filato da Bauchi da Adamawa da Taraba, kana iya tafiyar awa guda a mota ka ratsa harsuna da dama. Amma abin da yaro ya fi ji a darasin zamantakewa, wanda suke kira Soshiyal, shi ne manyan ƙabilu uku, waɗanda aka haɗa kalmarsu ta kiran mutum, wa da zo da biya, aka sami Wazobiya. To ina Kanuri da Nufawa da Gbagyi? Ina Babur da Tangale da Bajju da Igala da Jukun? Duk yaron da ya fito daga cikinsu, idan ya buɗe littafi bai ga kansa ba, yana koyon wani darasi da babu malamin da ya yi niyyar koya masa.

(Kiɗan tsakiya, gajere)

Abin da ya fi damuna shi ne, ɗan Kano ba ya buƙatar a kai shi nesa kafin ya ga darasin zaman tare da mabambantan al'ummomi. Yana rubuce a sunayen unguwannin da yake ratsawa kullum. Akwai Zangon Barebari, inda fataken Borno ke sauka. Akwai Tudun Nufawa. Akwai Agadasawa, mutanen Agadas. Akwai Ayagi, inda Yarbawa suka zauna tun kafin zuwan Bature, har jikokinsu suka zama Kanawa ba a bambanta su. Akwai Dandalin Turawa, kuma Turawan da ake nufi a wancan zamani Larabawan Arewacin Afirka ne, masu ratso Sahara da raƙuma. Wangarawa sun iso daga Mali a ƙarni na 14, zamanin Sarki Yaji, da ilimi da kasuwanci. Kasuwar Kurmi, wadda aka kafa zamanin Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15, baƙi ne suka cika ta har ta yi suna. Sabon Gari ma, da aka kafa wajen 1913, ya haura shekara ɗari. Malamin da ya tsaya gaban allo ya rubuta waɗannan sunaye, ya tambayi yara daga ina kowane ya samo asali, ya gama rabin aikinsa ba tare da an kashe ko kwabo ba.

Kuma iyayenmu sun bar mana wata dabara da ba a koyar da ita a aji, wato wasan taubasantaka tsakanin al'ummomi. Bakano da Bazazzage, Bafulatani da Babarbare, Bakatsine da Banufe, Bagobiri da Bayarabe. Har Fulani da Tibi akwai wannan wasa a tsakaninsu. Mutum biyu da ba su taɓa ganin juna ba su haɗu a tasha, da zarar sun ji asalin juna sai zolaya ta ɓarke, kafin mota ta cika an raba goro. Maƙwabtanmu na Jamhuriyar Nijar sun ɗauki abin da muhimmanci har hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun gado na duniya a shekarar 2014. Yaron da aka fahimtar da shi cewa wannan zolaya tana da ƙa'ida, ba a fushi a cikinta, ba a kuma cin mutunci, ya sami hanyar kusantar baƙo da dariya.

Sai dai akwai wata zolayar da ba ta cikin wannan. Yara suna zuwa makaranta da kalmomin da suka tsinta a tsakar gida. Wannan ya kira ɗan ajinsu arne, wancan ya ce nyamiri, a can Kudu kuma a kira ɗan Arewa aboki da wata irin murya da ta fitar da kalmar daga ma'anarta mai kyau. Yaro ɗan shekara bakwai bai ƙirƙiri ko ɗaya daga cikinsu ba. A bakinmu ya ji, mu manya, muna hira muna ganin kamar hankalinsa na kan wasa. Malama za ta yi minti arba'in tana koyar da zaman lafiya, kalma ɗaya a gaban kwanon tuwo da daddare ta rushe shi.

Gwamnati ta daɗe da sanin matsalar. Bayan yaƙin basasa aka ƙara yawan makarantun haɗin kai na tarayya, aka kuma kafa shirin yi wa ƙasa hidima a 1973, zamanin Janar Yakubu Gowon, don matashi ya je ya zauna cikin mutanen da ba nasa ba. Shiri ne mai kyau, amma yana samun mutum ne bayan ya haura shekara ashirin, kuma wanda ya kammala digiri ko babbar difloma kaɗai yake samu. Firamare kuwa ta kowa ce.

(Hayaniyar aji, ana sassautawa)

Na san halin da malamanmu ke ciki. Na shiga ajin da yara suka haura ɗari, wasu a ƙasa, malama ɗaya, muryarta ta dishe kafin tara. Shi ya sa abin da na gani a wata makarantar gwamnati cikin birni ya tsaya mini a rai. Malamar aji huɗu ta ba yara aikin gida ranar Juma'a: kowa ya je ya tambayi kakarsa ko kakansa inda aka haifi iyayensu, ya kuma koyo gaisuwa ɗaya da wani harshe daga wani maƙwabci. Ta ce waɗanda ake aika da kwanon abincin Sallah ko na Kirsimeti gidan maƙwabta sun riga sun san ƙofar da za su ƙwanƙwasa.

Ranar Litinin ta zana taswira a allo da alli, yara suna tasowa ɗaya bayan ɗaya suna faɗi, tana diga alama. Ajin da kowa ke cewa shi Bahaushe ne, sai ga Bida, ga Kukawa, ga Damagaram, ga Ilori, ga Yola. Wani yaro da ya fi kowa tsokanar 'yan Nijar ya miƙe a hankali, kansa a ƙasa, ya ce kakar babansa daga Agadas aka kawo ta. Aji ya kwashe da dariya, shi ma ya yi. Sannan aka shiga gaisuwa. Wannan ya ce wushe da Kanuri, waccan ta ce a wali jam da Fulatanci, wani ya kawo ekaro, wata ta kawo kedu. Da aka kaɗa ƙararrawar tara, na ji su suna fita suna jifan juna da gaisuwar da suka koyo, ana gyara wa wanda ya karya harshe.

Malamar ba ta goge allon ba. Ta rubuta a gefe cewa kada a taɓa, domin yara goma sha ɗaya ba su samu ganin kakanninsu ba a ƙarshen makon, sai Litinin mai zuwa za su kawo nasu.

(Kiɗan rufe shiri ya fara a hankali)

Masu sauraro, nan za mu dakata a shirin namu na yau.