Idan yaro yana amai: me za a yi a gida, yaushe za a tafi asibiti?

'Yan'uwana mata, autana yana da shekara ɗaya da rabi ya kwana yana amai. Kowa a gida ya ce ai haƙori ne, zai wuce, ni kuma na zauna. Kafin la'asar idanunsa sun faɗa, ko kuka ya yi babu hawaye. Sai da aka yi masa ƙarin ruwa a asibiti. A can aka fahimtar da ni cewa babban haɗarin amai shi ne ƙarewar ruwan jiki, kuma ƙaramin yaro ba ya jimawa ruwansa ya ƙare.

Ga abin da nake yi yanzu. In yaro ya yi amai, sai in dakata minti 10. Daga nan in ba shi ORS da cokali, kaɗan-kaɗan, bayan kowane minti ɗaya ko biyu. Ana zuba ƙunshi ɗaya a ruwa mai tsabta, daidai yadda aka rubuta a jikinsa. In lita 1 ce, ledar fiya wata biyu ke nan. Abin da ya wuce awa 24 a zubar, a haɗa sabo. In yana shan nono, kar ki daina ba shi. In akwai gudawa, ki nemi maganin zinc a wurin ma'aikacin lafiya, a ba shi na kwana 10 zuwa 14. Kar ki sayo maganin tsayar da amai a kemis da kanki.

Amma kar ki jira gari ya waye in kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- Duk abin da ya sha sai ya dawo, ko ya kasa shan komai.
- Ya yi laushi, yana ta barci, da ƙyar ake tashinsa.
- Jijjiga, ko wuyansa ya sandare.
- Aman kore ne, ko akwai jini a ciki.
- Idanu sun faɗa, baki ya bushe, ya yi awa 6 zuwa 8 bai yi fitsari ba.
- Zazzaɓi tare da amai. A yi masa gwajin zazzaɓin cizon sauro a ranar.
- Ya faɗi ya bugu a kai kafin aman.
- Ya sha kalanzir, fiya-fiya ko maganin manya. Kar a sa shi amai, kar a ɗura masa manja. Ki tafi da kwalbar.

Ko babu waɗannan alamomi, aman da ya wuce kwana ɗaya yana buƙatar a duba.

Na san sau da yawa kuɗin mota ne ke zaunar da mu. Irin wannan rana ce ta sa muke zuba asusun taimako kowane zama. Ki sanar da shugaba ko ma'aji, ko da dare ne, kar ki ji kunya. Ki ɗauki ORS ɗinki da cokali, ki ci gaba da ba shi a hanya.