Jemagen Birni da Itatuwan Gonarka

Idan ka taɓa shiga harabar Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife da almuru, mai yiwuwa ka ga yadda jemagu ke tashi daga kan itatuwa dubbai-dubbai har su rufe sararin sama. Haka nan an daɗe da sanin taronsu a wajen lambun Agodi da ke birnin Badun. Mutumin birni yana ƙorafin kukansu da warin kashinsu, shi kuwa mai lambu ɓarnar mangwaro da gwaiba kaɗai yake gani. Saboda haka tambayar da manomi kan fara yi wa malamin gona ita ce, da wane magani za a kashe su? Kafin ka nemi maganin, ya kamata ka san abin da masana suka gano game da wannan dabba, domin lamarin ya shafi ɗorawa da kuka da rimin da ke gonarka.

Wane jemage ake nufi?

Ba ƙananan jemagun nan masu shiga rufin ɗaki ake nufi ba. Su waɗannan ƙwari suke ci. Wanda muke magana a kansa shi ne babban jemage mai gashi ruwan ƙasa-ƙasa da ɗorawa-ɗorawa a wuya, wanda masana ke kira Eidolon helvum. Nauyinsa ya kai kimanin giram 300, idan ya buɗe fukafukai kuma faɗinsu yakan kusan santimita 80. Abincinsa 'ya'yan itace ne da ruwan fure, kuma da ido da hanci yake nemansu. Macen ɗa guda take haifa a shekara. Ka riƙe wannan, domin dabbar da ke haihuwa ɗaya-ɗaya ba ta saurin farfaɗowa idan aka rage yawanta.

Me ya kawo shi birni?

Jemage yana bukatar dogayen itatuwa masu yawa a wuri guda inda zai wuni a rataye. A ƙauye an sassare irin waɗannan itatuwa saboda noma da katako da gawayi. Inda suka rage sau da yawa shi ne harabar asibiti da jami'a da tsofaffin unguwannin ma'aikata, kuma a irin waɗannan wurare maharbi ba ya sakewa da bindiga. Ga kuma darbejiya da mangwaro da gwanda da aka shuka a gidaje da gefen titi. Ƙarar mota da hayaniyar mutane ba su hana shi zama ba. A birnin Akra na ƙasar Gana, ɗaya daga cikin manyan tarukan da aka fi nazarta yana kan itatuwan da ke bakin wani babban titi, kusa da asibitin soja.

Inda yake zuwa da dare

A wannan taro na Akra ne masana daga Cibiyar Max Planck ta ƙasar Jamus da abokan aikinsu na Gana suka ɗaura wa waɗansu jemagu ƙananan na'urorin bin sawu masu aiki da tauraron ɗan'adam. Sakamakon da suka wallafa a shekarar 2015 ya nuna cewa tafiyar jemage tana sauyawa da lokacin shekara. Da damina, lokacin da yawancinsu suka yi ƙaura taron ya ragu, waɗanda suka rage a cikin birni da kewayensa suke kiwo, a kan itatuwan da mutane suka shuka. Da rani kuwa, idan taron ya cika, abincin birni ba ya isarsu, sai su nausa karkara. An sami wanda ya yi nisan kusan kilomita 88 daga makwancinsa, ya kuma koma kafin gari ya waye.

Ashe ke nan birni wurin wuni ne kawai, aikin a gona da daji ake yinsa. Idan jemage ya ci ɗan itace yakan tauna, ya tsotse ruwan, ya tofar da tuƙar. Ƙananan iri kamar na ɓaure yakan haɗiye su, ya kasayar da su yana cikin tashi. Wani binciken na 2016 ya nuna cewa ta haka iri kan yi nisan da ya kai kilomita 75 daga uwarsa. A 2019 kuma masana suka ƙiyasta cewa taro mai jemagu kimanin 150,000 yana iya watsa iri fiye da 300,000 a dare ɗaya, adadin da zai isa a fara farfaɗo da daji mai faɗin hekta 800 a shekara. Tsuntsaye da birai su ma suna watsa iri, amma yawancinsu ba sa son tsallaka fili fetal daga wannan kurmi zuwa wancan. Jemage kuwa yana tsallakawa. A dazuzzukan kudu shi ne babban mai watsa irin loko, itacen katakon nan mai tsada.

Wani aikin da ya fi kusa da tukunyar gidanka shi ne barbarar fure. Furen kuka da na rimi da dare suke buɗewa, tutun ɗorawa ma da dare yake zubo da ruwansa mai zaƙi. Jemagu masu cin 'ya'yan itace suna zuwa shan wannan ruwa, ƙurar fure ta manne a gashinsu, su kai ta wata bishiyar. Garin kuka da kalwar daddawa da audugar rimi duk suna da alaƙa da wannan zirga-zirga ta dare. A ganina manomin da ya bar ɗorawa goma a gonarsa, sannan ya goyi bayan a kori jemagun garinsu, bai yi lissafin daidai ba.

Ɓarnar lambu

Ba za a musa cewa jemage yana ɓarna ba. Mai lambun da ke gefen birni, wanda ya wayi gari ya tarar da mangwaro a zube an ciccije, asara ya yi. Sai dai kisa bai magance wannan ba a inda aka gwada shi. A tsibirin Murishus, gwamnati ta sa an harbe jemagu fiye da 30,000 na wani jinsi dabam a shekarar 2015, aka kuma sake yi a shekarun da suka biyo baya. Nazarin da aka wallafa a 2019 ya nuna cewa amfanin masu lambu bai ƙaru ba saboda wannan kisa. Abin da aka ga yana rage asara shi ne rage tsawon itace da rufe shi da raga.

Jemage nunannen ɗan itace yake bi da ƙanshi. Saboda haka kariya ta farko, wadda ba ta cin ko kwabo, ita ce tsinke mangwaro da zarar ya ƙosa, wato kafaɗunsa sun cika, cikinsa ya fara yin ɗorawa, a ƙarasa nunar da shi a inuwa. Haka gwanda idan ta fara sauya launi, haka ayaba. Wanda aka tsinka a wannan mataki ya fi jure tafiya zuwa kasuwa ma. Bayan an gama tsinka, a datse rassan sama domin itacen ya tsaya a tsawon da za a iya rufe shi. Ragar ta zama mai ƙananan idanu, a ɗaure ta tamau har ƙasa. Sakakkiyar raga mai manyan idanu kama jemagu da tsuntsaye take yi su mutu a ciki. Gwaiba da ba ta da yawa ana iya sa wa kowace jakar takarda. Kada a shafa guba a jikin ɗan itace da sunan tarko, domin yaran unguwa su ne kan fara tsintar abin da ya faɗo. Sare itatuwan da suke kwana ma ba ya kare lambu, tunda mai tafiyar kilomita hamsin a dare zai dawo daga duk inda ya koma.

Kula da lafiya

Amfanin jemage bai sa ya zama abin taɓawa da hannu ba. A jikin wannan jinsi ne aka fara gano wata ƙwayar cuta 'yar'uwar ta haukan kare, a tsibirin Legas, a shekarar 1956. A ƙasar Maleshiya kuma, tsakanin 1998 da 1999, cutar Nipah ta tsallaka daga wani jinsin jemage zuwa aladu, daga nan ta kama mutane, a gonakin da itatuwan marmari ke dab da garken dabbobi. Don haka ka gargaɗi manomanka kada su ci ɗan itacen da jemage ya gatsa, kada kuma su zuba wa dabbobi. Kada a kafa garke ko akurki ko kwamin ruwa a ƙarƙashin itacen da suke wuni, a kuma rufe rijiya da randa. Mataccen jemage da shebur ake ɗauka a binne shi da zurfi. Wanda jemage ya ciza ko ya yakusa ya wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, sannan ya tafi asibiti a ranar, ko da raunin ƙarami ne.