Yaƙi da Gansakuka da Sinadarai: Daga Tankin Murjani Zuwa Gaɓar Teku

Gabatarwa

A ƙasashen Turai da Amurka da Jafan akwai mutane masu yawa da suka ɗauki kiwon kifayen teku da murjani a cikin tankunan gilashi abin sha'awa, wasu kuwa sana'a. Akan cika tankin da ruwa mai gishiri daidai da na teku, watau kimanin giram 35 a kowace lita, a riƙe ɗuminsa wajen digiri 25, sa'an nan a kunna masa fitilu masu ƙarfi a madadin hasken rana. Babu abin da ya fi damun masu wannan kiwo kamar gansakuka, 'yar'uwar wadda akan gani a kududdufi ko a gindin randa, sai dai ta teku iri-iri ce: akwai mai kama da gashi, da mai kama da gashin tsuntsu, da mai yauƙi. Idan ta samu wuri takan lulluɓe duwatsu da gilashi, ta hau kan murjani ta tare masa haske har ya mutu.

Maƙasudin wannan lacca shi ne a bayyana yadda ake amfani da sinadarai wajen yaƙi da gansakuka, da sharuɗɗan da ke sa maganin ya ci ko ya yi ɓarna. Za a fara da abin da ke faruwa a cikin tanki, daga nan a duba labarin wata ciyawar tanki da ta kuɓuce ta shiga teku.

Abin da Ke Kawo Gansakuka

Gansakuka tana bukatar abu biyu, haske da taki. Haske dai tilas ne a ba da shi saboda murjani. Taki kuwa yana fitowa daga kashin kifi da ragowar abincin da ya ruɓe, waɗanda ƙwayoyin bakteriya ke sarrafawa su zama sinadaran naitiret da fosfet, irin waɗanda manomi ke saye a buhu. A teku, ruwan da ke kewaye da tsaunukan murjani ba shi da taki sai ɗan kaɗan, igiyar ruwa tana sabunta shi dare da rana, ga kuma kifaye masu kiwo da bushiyar teku suna cinye duk abin da ya tsiro. Tanki kuwa rufaffe ne. Abin da aka zuba yana nan har sai an fitar da shi. Saboda haka yawan gansakuka alama ce ta cewa takin da ke shiga ya fi wanda ke fita.

Wahalar Magani a Tankin Murjani

Murjani dabba ce, ko da yake ya yi kama da dutse ko tsiro. A cikin tsokarsa akwai wasu ƙananan gansakuka masu ƙwayar halitta guda, waɗanda ke haɗa abinci da hasken rana su ba shi mafi yawan abin da yake rayuwa da shi, su ne kuma ke ba shi launi. In suka fice, sai murjani ya koɗe ya yi fari fat, in abin ya daɗe yunwa ta kashe shi. To, a nan gizo ke saƙa: mai tanki yana son ya kashe gansakukar da ke kan dutse, ya bar wadda ke cikin murjani, alhali kuwa maganin da aka zuba a ruwa yana kaiwa ga dukkansu.

Sinadarin jan ƙarfe shi ne misali mafi bayyana. An daɗe ana kashe gansakuka da shi a tafkuna da madatsun ruwa, amma ɗan kaɗan daga cikinsa ya isa ya hallaka murjani da jatanlande da dodon-koɗi. Bugu da ƙari, duwatsun tanki sukan tsotse shi su riƙa sakinsa sannu a hankali bayan an canza ruwa. Wanda ya zuba shi a tankin murjani, garin neman gira ya rasa ido.

Don haka masu kiwo suka koma ga magunguna masu sauƙi. Na farko shi ne ruwan nan mai kumfa na wanke rauni, watau haidurojin feroksaid mai ƙarfin kashi 3 cikin 100. Akan ciro dutsen da gansakuka ta kama, a ɗiga masa maganin a wajen tanki, a ɗauraye shi, sa'an nan a mayar. Amfaninsa shi ne yana rikiɗewa da sauri ya koma ruwa da iskar oksijin. Na biyu shi ne fulukonazol, maganin cutar fangas a jikin mutum, wanda aka lura yana kashe gansakukar nan mai taurin kai da ake kira Bryopsis cikin mako biyu ko uku. Na uku shi ne eritiromaisin, wanda ake ba jan yauƙin da ke shimfiɗuwa a kan yashi. Wannan yauƙi a haƙiƙa bakteriya ne, shi ya sa maganin bakteriya ke cinsa, shi ya sa kuma yake iya taɓa bakteriya masu amfani da ke tsabtace ruwan.

Ko da magani ya ci, akwai sauran aiki. Matacciyar gansakuka tana ruɓewa, ruɓewar kuwa tana shanye oksijin, har kifi ya kwana yana haki a saman ruwa. Daɗin daɗawa, duk takin da ta tara a jikinta yana komawa cikin ruwa ya zama abincin wadda za ta gaje ta. Wannan ne dalilin da ya sa gwanaye ke fara tsige abin da hannu zai iya tsigewa, su ƙara hura iska, su canza wani kaso na ruwan bayan magani, su kuma rage abincin kifi. Akwai kuma sinadaran da ke yaƙi da takin kansa, kamar garin tsatsar ƙarfe da ake zubawa a matata ya kama fosfet. Shi ma ana binsa a hankali, domin in taki ya faɗi farat ɗaya murjani yakan sha wuya.

Ciyawar da Ta Kuɓuce

Wajen shekarar 1980, ma'aikatan gidan dabbobi na Wilhelma a birnin Stuttgart na Jamus suka lura da wata ciyawar teku mai suna Caulerpa taxifolia. Tana da kyan gani, tana girma da sauri, tana kuma jure sanyi fiye da 'yan'uwanta na ƙasashe masu zafi. Aka riƙa rarraba ta ga gidajen kifi na Turai domin ado. A 1984 aka ga wani ɗan fili nata, misalin murabba'in mita guda, a cikin teku daidai ƙarƙashin gidan tarihin teku na Monako. A 1989, lokacin da Alexandre Meinesz na Jami'ar Nice ya duba wurin, ta cinye kimanin hekta ɗaya. Ya yi ta kira a tumɓuke ta, amma aka shiga jayayya a kan asalinta, shugabannin gidan tarihin suna cewa daga Bahar Maliya ta zo da kanta. Sai a 1998 binciken ƙwayoyin gado ya nuna iri ɗaya ce da ta tankuna. Kafin ƙarshen shekarar 2000 ta mamaye kimanin hekta 13,000 a gaɓar ƙasashe shida: Monako, Faransa, Italiya, Sifen, Kuroshiya da Tunisiya.

Dalilin wannan yaɗuwa yana cikin halittarta. Duk tsawonta ƙwayar halitta guda ce, ɗan guntun da bai wuce santimita ɗaya ba kuwa yana iya zama sabon tsiro, don haka angar jirgi da tarun masunta suka riƙa kai ta tashoshi masu nisa. Tana kuma ɗauke da wani dafi da ke hana yawancin kifayen Bahar Rum cinta. An gwada tsigewa da hannu, da sinadarin jan ƙarfe, da gishiri, amma a buɗaɗɗen teku magani yakan tsarma ya watse, filin kuma ya riga ya fi ƙarfin ma'aikata. Daga baya ciyawar ta ja da baya a wurare da yawa, amma ba magani ne ya kore ta ba.

Darasin Kalifoniya

A watan Yuni na 2000, masu nutso da ke duba ciyawar ƙasan ruwa suka ci karo da ita a tafkin Agua Hedionda, a garin Carlsbad na kudancin Kalifoniya, ba da jimawa ba kuma aka same ta a Huntington Harbour. Ana kyautata zaton wani ne ya juye ruwan tankinsa. Masanan wurin sun san abin da ya auku a Bahar Rum, saboda haka ba a cika mako uku ba aka fara aiki. Aka rufe kowane fili nata da tamfol mai kauri, aka danne gefensa da buhunan yashi, sa'an nan aka ɗura kulorin a ƙarƙashi, da farko na ruwa, daga baya na ƙwaya. Duk abin da ke ƙarƙashin tamfol ya mutu, da ciyawar da ƙananan dabbobin da ke tare da ita. An yarda da wannan asara ne domin ƙaramin wuri ta shafa, tamfol kuma ya hana maganin fita.

Ganin ƙarshe da aka yi mata a wuraren biyu a 2002 ne, amma masu nutso suka ci gaba da bin ƙasan ruwan taki-taki, ba a ba da sanarwar an kawar da ita ba sai a watan Yuli na 2006. Aikin ya ci fiye da dala miliyan 7. Tun a 2001 jihar ta haramta sayarwa da mallakar iri tara na wannan ciyawa, aka kuma shawarci masu tanki su ƙulle duk wadda suka tsige a leda, su daskarar da ita na sa'o'i 24 kafin su jefa a shara, kada kuma su zuba ruwan tanki a kwatar da ke kaiwa teku. Duk da haka, a 2021 an sake samun wata 'yar'uwarta, Caulerpa prolifera, a mashigin Newport.

Kammalawa

Idan aka haɗa abin da ke faruwa a tanki da abin da ya auku a teku, za a ga sharuɗɗa uku na cin nasarar magani. Na ɗaya, a yi shi da wuri, tun abin yana ɗan fili. Na biyu, a killace shi, ko dai a ciro dutsen daga tanki ko a rufe wurin da tamfol, domin sinadari ba ya tantance abokin gaba da abin kiwo. Na uku, a toshe mafari, watau a rage taki a tanki, a kuma hana zubar da ciyawa a teku, sa'an nan a ci gaba da sa ido bayan an daina ganin kome. Murabba'in mita guda na Monako bai fi ƙarfin tamfol ɗaya ba a 1984. Shekarun da aka ɓata ana jayayya su ne suka mai da shi hekta 13,000.