Jam'iyyar Ɗaliban Fiziks Da Abin Da Ke Kai Ta Lambu

Sau da yawa 'yan'uwanmu ɗalibai, har da waɗansu malamai, sukan tambaye mu, wai shin mene ne amfanin wannan jam'iyya tamu, ban da shan shayi da ɗaukar hoto? To, mun ga ya kamata mu ba da amsa a nan gaba ɗaya, kowa ya ji.

Fiziks dai shi ne ilmin sanin halin abubuwa, watau nauyi da motsi da zafi da haske da lantarki. Mu da ke koyonsa mukan taru bayan darasi, wani ya kawo magana a yi muhawara, ko a yi kacici-kacici tsakanin aji da aji. Mukan buga ƙwallo da malamai, mukan yi karo-karo mu gai da wanda ba shi da lafiya, in shekara ta ƙare mu yi walimar sallama da masu fita. Ba mu musu, a cikinmu akwai waɗanda ba a ganinsu sai ranar walimar. Amma babban aikinmu shi ne fita, mu kai abin da muka koya makarantu da lambuna, kuma ba inda ya fi dacewa da wannan kamar ƙasar Dawakin Kudu da Kura da Bunkure.

Dalilin farko shi ne makaranta. A shekarar 1977 Gwamnatin Jihar Kano ta buɗe makarantun sakandare biyu na kimiyya, ɗaya a Dawakin Kudu, ɗaya a Dawakin Tofa, don ta ga 'ya'yan ƙasa masu ilmin likita da injiniya sun yi mata ƙaranci ƙwarai. Likitoci da injiniyoyi da yawa na ƙasar Kano daga nan suka taso. Amma yaron firamare na ƙauyen da ke kusa yakan wuce ƙofar makarantar kullum, yana tsammani abin da a ke yi ciki ba na irinsa ba ne. Shi mu ke nema. Mukan je da maganaɗisu da madubi da batir da ɗan ƙwan fitila, mu ba shi ya haɗa da hannunsa. Yaron da ya ga ƙwai ya kama don wayar da shi ya ɗaura, ba ya sāke cewa abin sihirin Turawa ne.

Dalili na biyu ruwa ne, kuma a nan za mu daɗe. An gama madatsar ruwa ta Tiga a kan Kogin Kano a shekarar 1974, zamanin Gwamna Audu Bako. Daga can ruwa ke gangarowa ta babbar magudana, ya rarrabu cikin ƙanana har ya isa gonakin Kadawa da Kura da Garun Malam da Bunkure, inda a ke noman shinkafa da alkama da tumatir da albasa. Abin lura shi ne, duk tsawon wannan tafiya ba inji ke tura ruwan ba. Tiga ta fi gonakin tudu, nauyin ruwan ne kaɗai ke kai shi. Kakanninmu da jigo suke ɗaga ruwa guga guga, suna sa dunƙulen laka a gindin sanda ya rinjayi nauyin gugan, wannan ma fiziks ne tsantsa, ko da ba su kira shi haka ba.

In ruwa ya iso bakin gona, akan ɗebe shi daga 'yar magudana da wani lanƙwasasshen bututu, a ɗora shi bisa gaɓa, baki ɗaya cikin ruwa, ɗaya cikin gona. Sai ka ga ruwa ya hau tudu ya gangara da kansa. Ƙaƙa ruwa zai hau tudu? Ga yadda abin ya ke. Iskar nan da mu ke shaƙa tana da nauyi, tana danna kowane abu, har fuskar ruwa. In bututu ya cika da ruwa, kuma bakinsa na waje ya fi fuskar ruwan magudana ƙasa, ruwan ɓangaren waje zai faɗi, ya rage danni a ƙololuwar bututun. Sa'an nan iskar da ke danna ruwan magudana ta tura wani ya hau ya maye gurbi. Haka za a yi ta yi, sai fa in iska ta shiga bututun, ko kuwa ruwan gona ya taso daidai da na magudana.

Wannan duk mun hardace shi a aji. Ran da muka fara zuwa wani lambu don mu nuna wa jama'a, muka tsoma bututu, muka ɗaga, muka jijjiga, ko ɗigo bai fito ba, ga mutane sun kewaye mu. Sai mai lambun, wani dattijo, ya yi murmushi ya kira jikansa, yaron da bai fi shekara goma ba. Yaro ya tsoma baki ɗaya, ya toshe ɗayan da tafin hannu, ya riƙa tura bututun gaba da baya yana saki yana toshewa, kafin ƙiftawar ido ruwa ya ɓalle. Dattijo ya ce, “Samari, ai ba a littafi a ke tā da shi ba.” Muka ce, “Gaskiyarka, Baba, koya mana.” Ashe tafin hannun yaron ƙofa ce mai barin iska ta fita, ta hana ta komowa. Muna da dalilin a ka, shi kuwa yana da shi a hannu. Tun daga ran nan muka sa doka, ba mai buɗe baki a lambu sai ya fara tambayar mai lambu yadda ya ke yi.

Amma kada a ce ba mu da abin bayarwa. Wani mai lambu ya kawo kukan injinsa na ban ruwa, ya ce da sanyi yana ja sosai daga rijiyar bututu, da bazara ta yi nisa sai ya ƙi, har yana shirin sayar da shi ya ciwo bashi ya sayi babba. Muka auna da igiya, muka tarar ruwan ne ya yi ƙasa. Inji irin wannan, mai zama a bakin rijiya, ba jawo ruwa ya ke yi ba kamar yadda a ke jan guga. Rage iskar cikin tiyo ya ke yi, iskar waje ta turo ruwan sama. Ƙarfin iskar kuwa yana da iyaka: ba ta iya ɗaga ruwa fiye da wajen mita 10, watau ƙafa 34, ko a bakin teku. A aikace ma injin yakan gaza tun daga mita 7 ko 8. Wani masani na ƙasar Italiya, Torricelli, almajirin Galileo, shi ya gano wannan a shekarar 1643, da ya gwada da zaiba ya ga ta tsaya a wajen santimita 76. Saboda haka ko mutumin nan ya sayi inji mai girman na jirgi, muddin a sama ya ajiye shi, ba zai ga ruwa ba. Maganin shi ne a haƙa rami a saukar da injin ya kusanci ruwan, a kuma ɗaure mahaɗin tiyo tam don kada iska ta kutsa. Waɗansu manoma sun riga sun san dabarar ramin, abin da muka ƙara kawai shi ne dalili, da hana mutum cin bashi a banza.

Akwai kuma wani lissafi da mu ke so ya bazu. Yawan ruwan da bututu ke zubarwa yana bin tazarar da ke tsakanin fuskar ruwan magudana da bakin bututu na waje, amma ba kai da kai ba: sai an ninka tazarar sau huɗu kafin ruwan ya ninku sau biyu. Mai son ruwa da sauri yakan fasa gaɓa, ko ya tare magudana da buhunan ƙasa don ruwa ya taso. Ribar da ya samu kaɗan ce, hasarar na ƙasa da shi kuwa babba, gama wanda gonarsa ke wutsiyar magudana sai ya kwana yana jira, daga nan faɗa ke tashi. Ban da haka, gonar da aka cika wa ruwa kullum takan jiƙe har saiwa ta rasa iska, in rana ta busar da ita gishiri ya taso ya yi fari a fuskar fangali. Wannan magana ba ta da daɗin faɗi ga mutumin da ya girme mu, ba kuma kullum a ke karɓarta ba. Mun lura ta fi shiga in mun auna da bokiti da agogo a gabansa, ya ƙidaya da kansa.

Wahalar da ta fi damunmu ita ce ta harshe. Da Turanci muka koyi abin nan duka, in muka tsaya gaban manomi sai baki ya sarƙe. “Dannin iska” da muka yi ta faɗa a sama, mu muka ga ya fi kusa, watakila wani yana da wadda ta fi ta. Mun buɗe littafi muna rubuta kowace kalma da muka ji a bakin masu lambu da masu gyaran inji. Muna roƙon malaman Hausa, da duk ɗalibin da ya tashi a gidan noman rani, ko da ba fiziks ya ke karantawa ba, ya zo taronmu ya duba littafin nan ya gyara mana. Wanda zai bi mu lambu kuwa ya zo da takalmin da ba ya jin tsoron taɓo.